Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Finafinai: Ina Kuka Kai Uwar Da Muka Sani?

Zuwa ga marubuta labaran fim, daraktoci, furodusoshi da duk wanda ke da ta cewa kan abin da ake haska mana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Ni ɗan kallo ne kawai. Ban taɓa riƙe kyamara ba, ban taɓa zuwa wurin ɗaukar fim ba, wahalar da kuke sha kafin minti guda ya fito yadda muke ganin sa kuwa sai dai na ji a bakin mutane. Abin da nake da shi shi ne shekara sama da 30 na zama gaban allo, tun daga finafinan Indiya da na Amurka har zuwa na Nollywood da Kannywood, da na Koriya da Turkiyya da suka shigo daga baya. Da wannan nake ganin na cancanci in yi muku magana a kan abu guda da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda kuke nuna uwa da ɗanta namiji.

Mahaifiyata ta rasu bara, bayan jinyar shekara 3. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. Yawancin darare ni nake kwana a wurinta, kuma da yake barci ba ya ɗaukar ta da wuri, talabijin ce ke taya mu hira. Wani dare aka nuno wata dattijuwa ta durƙusa tana kuka tana roƙon ɗanta ya dawo gida. Sai mahaifiyata ta juyo da ƙyar ta dube ni, ta ce, "Wai su waɗannan matan ba su da wani aiki ne sai kuka?" Maganar ta zauna mini a rai. Na kwana ina lalube a cikin finafinan da na sani ko zan sami mace mai kama da wadda ke kwance a gabana, mai wayo, mai tsokana, mai taurin kai, mai yafiya, wadda takan yi fushi da safe ta manta kafin azahar. Waɗanda na samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Uwa biyu gare ku. Su kuke ta juyawa kuna sauya musu suna da sutura.

Ta farko waliyyiya ce. Mijinta ya mutu ko ya gudu, tana ɗinki ko wankau har tsakar dare don ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta, tana tari tana ɓoye jinin a bakin mayafi, ta ce ta ƙoshi alhali ba ta sa komai a cikinta ba. Ba ta gajiya, ba ta ƙosawa, ba ta kuskure. Ko ƙawa guda ba ta da ita da za su zauna su yi hirar da ba ta shafi ɗan nan ba.

Masu fim na Indiya sun fi kowa ƙwarewa a kanta, kuma a wurinsu da yawa suka kwafa. A 1957 Mehboob Khan ya fitar da Mother India, fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oska a rukunin finafinan harsunan waje. Dole a yi masa adalci, domin matar da Nargis ta fito a matsayinta ba raguwa ba ce. Ta ɗauki garma a kafaɗarta ta yi noma, ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai ba da bashi da ruwa a lokacin da yunwa ke neman kashe mata 'ya'ya, a ƙarshe kuma ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta sa'ad da ya sace 'yar mutane a ranar aurenta. Wannan mace ce mai ra'ayin kanta, wadda ta yanke hukuncin da ya fi ƙarfin mazan garinsu. Waɗanda suka biyo baya sai suka ajiye garmar da bindigar, suka ɗauki hawayen. Zuwa 1975, a Deewaar, uwa ta zama sikelin auna 'ya'ya: wa da ƙane, ɗaya ɗan fasa-ƙwauri ɗaya ɗan sanda, abin da ya raba gardama a tsakaninsu shi ne wanda uwar ta zaɓi ta bi. Har gobe ana maimaita wannan fitowar, ni ma tana taɓa ni. Amma ku koma ku sake kallo, sannan ku gaya mini abin da matar take so wa kanta, ko abin da take tsoro wanda bai shafi 'ya'yan ba. An ajiye ta a tsakiya kamar kofin gasa, ana jiran a ga wanda zai ɗauka.

Za ku ce to mene ne laifi a girmama uwa? Babu laifi ko kaɗan, kuma ni ne na ƙarshen da zai ce a rage mata daraja. Damuwata ita ce abin da wannan hoto ke yi wa mutanen da ke zaune gaban allo. Akwai matar da ta dawo daga aiki a gajiye, ta daka wa ɗanta tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa don ta sami minti goma na shiru. Da dare ta kunna talabijin ta ga waliyyiyarku, sai ta ji ita ba uwa ba ce. Akwai kuma yaron da ya tashi da wannan hoto a kansa, ranar da ya gane mahaifiyarsa tana fifita ƙanensa a kansa, ko ta taɓa yi masa ƙarya, ko harshenta yana da kaifi, sai ya rasa inda zai ajiye abin da ya gani. Ko dai ya ƙaryata idonsa, ko ya ce an yaudare shi ya juya mata baya. Ba ku taɓa nuna masa cewa mutum zai iya ganin aibin mahaifiyarsa sarai, ƙaunarta kuma ba ta ragu a zuciyarsa ba. Wani likitan yara ɗan Birtaniya, Donald Winnicott, wanda ya shafe shekaru yana duba uwaye da jariransu, ya bayyana tun farkon shekarun 1950 cewa yaro ba ya buƙatar uwar da ba ta kuskure. Uwa mai yin daidai gwargwado ta wadatar, domin a cikin 'yan gazawar da take yi ne yaro ke koyon jure wa duniyar da ba za ta riƙa ba shi duk abin da yake so nan take ba. Wannan uwar, wadda ita ce ta haifi kusan kowannenmu, ita ce ba ta da gurbi a labaranku.

Ta biyun kuwa mayya ce. Ita ce mai riƙe ɗanta kamar kaska, mai hana shi girma, mai shiga tsakaninsa da duk macen da ya so. In an ga namiji ya zama mai kisa, ko matsoraci, ko wanda ya kasa riƙe aure, sai kyamara ta juya baya ta nuno mana ita, a ce ga tushen ciwon.

Wannan hoton yana da tarihi, kuma ya kamata ku san inda kuka gado shi. Sigmund Freud, likitan nan na Biyana, ya ɗauko wani tsohon wasan kwaikwayo na Girkawa mai shekara sama da 2,400, labarin Oedipus wanda ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba, ya ce wai kowane yaro namiji yana ɗauke da irin wannan sha'awa a ɓoye. Ya rubuta haka a littafinsa na fassarar mafarki da ya fito a 1899. Tun a 1927 Bronislaw Malinowski, masanin al'adun ɗan Adam wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand a yankin tekun Pasifik, ya ƙalubalanci cewa haka abin yake a kowace al'umma. Duk da haka ra'ayin ya sami karɓuwa a Amurka, ya kuma haifi 'ya'ya. A 1942 marubuci Philip Wylie ya fitar da littafi yana zargin uwayen Amurka da lalata mazan ƙasar. A 1946 wani babban likitan ƙwaƙwalwa, Edward Strecker, ya ɗora wa uwaye alhakin samarin da aka ƙi ɗauka aikin soja ko aka sallama saboda lalurar ƙwaƙwalwa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 Frieda Fromm-Reichmann ta ce akwai irin uwar da ke jawo wa ɗanta sikizofireniya, taɓin hankalin nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu su. Sannan aka ce otizim, lalurar da ke sa yaro ya kasa cuɗanya da mutane yadda aka saba, daga sanyin zuciyar uwa take zuwa, har aka riƙa kwatanta irin waɗannan uwaye da firji. Bruno Bettelheim ya ƙara yaɗa wannan a littafinsa na 1967. Ku tsaya ku yi tunanin matar da ta ɗauki ɗanta mai lalura ta kai wa likita tana neman taimako, aka dube ta aka ce ke ce ciwon.

Masana sun daɗe da watsar da waɗannan zarge-zarge. Bernard Rimland, wanda shi kansa uban yaro mai otizim ne, ya kawo hujja a 1964 cewa lalurar daga halittar ƙwaƙwalwa take, binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka wallafa a 1977 kuma ya nuna ƙarfin gado a cikinta. Asibiti ya tuba, amma silima ba ta tuba ba. A 1960 Alfred Hitchcock ya yi Psycho, inda saurayi ya kashe uwarsa, ya adana gawarta, yana sa kayanta yana kashe mutane da sunanta, a ƙarshe likita ya fito ya yi dogon bayanin yadda riƙon da ta yi masa ya kai shi ga haka. Abin da ya fi ba ni takaici a fim ɗin nan shi ne ba mu taɓa ganin matar da rai ba. Duk muryar da muka ji a matsayin tata, daga bakin wanda ya kashe ta take fitowa. An yi mata shari'a, an same ta da laifi, ba a ji ta bakinta ba, kuma shekara sama da 60 ke nan marubuta na kwafar wannan hukunci.

A finafinai masu dogon zango sai mayyar ta sa kayan uwar miji. Wani shirin Indiya guda kan suruka da matar ɗa, wanda aka fara a 2000 aka rufe a 2008, ya haura kashi 1,800, kuma daga Legas zuwa Istambul babu masana'antar da ba ta da irin nata. Kun san yadda labarin yake tafiya. Uwa na ƙulla makirci, mata na kuka ko tana ramawa, namijin kuma yana tsaye a tsakiya kamar gunki, ba ya iya buɗe baki ya faɗi gaskiya ga ko ɗaya. A ƙarshe dole ya zaɓa: ko ya saki matar ya zama ɗan albarka, ko ya bi matar ya zama mijin-ta-ce. Ban ce ba a samun saɓani tsakanin uwar miji da matar ɗa ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma na san maza da yawa da suka shekara 20 suna riƙe da amanar matan nan biyu ba tare da sun zubar da ɗaya ba, wani lokaci da rarrashi, wani lokaci da faɗin gaskiya mai ɗaci cikin ladabi, wani lokaci da yin shiru har ƙura ta lafa. Na kuma san uwayen miji da suka tsaya wa matan 'ya'yansu a kan 'ya'yan nasu. Aikin da waɗannan mutane ke yi ya fi makirci wuyar rubutawa, shi ya sa nake zargin kuna guje masa. Yarinyar da ta tashi tana kallon shirye-shiryenku tana shiga gidan aure da shirin yaƙi da matar da ba ta taɓa yi mata komai ba, ita ma dattijuwar tana jiran ta da irin wannan shiri.

In kuma duka biyun sun gagare ku, sai ku kashe ta tun fim bai yi nisa ba, domin jarumi ya sami dalilin ɗaukar fansa ko yaro ya sami dalilin shiga duniya. Tun daga uwar Bambi, ɗan barewa na wani fim ɗin zane, da mafarauci ya harbe a 1942 ake wannan.

Akwai wata shaida da ke nuna yadda kuka ɗauki matsayin uwa, kuma ba ta buƙatar dogon sharhi. Nargis da Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta a Mother India, shekara ɗaya aka haife su, 1929, har ma suka yi aure a 1958. Angela Lansbury ta girmi Laurence Harvey da shekara 3 kacal lokacin da ta fito a uwarsa a 1962. Angelina Jolie ba ta ba Colin Farrell cikakkiyar shekara guda ba, amma ita ce uwarsa a fim ɗin Iskandar Mai Girma na 2004. Rakhee, wadda Amitabh Bachchan ya girme ta da shekara 5, ta fito a masoyiyarsa a 1976, zuwa 1982 ta koma uwarsa. Namiji yana jarumta har furfura ta cika masa kai, mace kuwa da ta haura 35 sai a shafa mata farin fenti a gashi a ba ta kujera a gefe. Matan da suka kai shekarun haihuwar waɗannan jarumai da gaske, waɗanda suka san nauyin goyo da ciwon rabuwa da ɗa, suna zaune a gida ba a kiran su. Sau da yawa ko suna ba ku ba ta. A jerin 'yan wasa sai a rubuta "uwar wane", shi ke nan.

Bari in koma kan ɗan, domin shi ma kun cuce shi. A barkwancinku, namijin da ya shaƙu da mahaifiyarsa abin dariya ne: ɗan mama, shagwaɓaɓɓe, wanda ba ya iya yanke shawara sai ya buga mata waya. Jarumin gaske kuwa shi ne wanda ba ya waiwayen gida. Yaro mai shekara 13 yana kallon wannan, gobe in uwarsa ta raka shi bakin makaranta sai ya fizge hannunsa don kada abokai su gani. Ita ba za ta ce komai ba, amma ta ji. Alhali binciken da aka yi kan shaƙuwar yara da uwayensu ya nuna akasin abin da kuke koyarwa. Mary Ainsworth ta zauna da uwaye da jarirai a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, ta sake irin wannan aiki a Baltimore ta Amurka, ta ga cewa yaron da ya tabbata uwarsa tana nan in ya waiwayo, shi ne ya fi sakin jiki ya yi nisa da ita yana bincike da wasa. Kusancin ne ke ba shi ƙarfin zuciyar tafiya. Riƙon da ke tauye ɗa yana nan, ba na musu, amma kun haɗa shi da ƙauna ta lafiya kun yi musu kuɗin goro.

Ku tuna gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar. Ashraf Hakimi na Maroko ya tafi wurin 'yan kallo ya sumbaci mahaifiyarsa bayan wasansu da Beljiyam, matar da ta yi aikin sharar gidaje a Madrid don ta raine shi. Sufyan Bufal ya jawo tasa cikin fili suka yi rawa bayan sun fitar da Fotugal. Hotunan nan sun zaga duniya, mutanen da ba su san komai game da ƙwallo ba suka riƙa tura wa juna. Babu wanda ya rubuta musu labari, babu kiɗan tausayi a bayan fage, babu mai tari da jini. Ƙarti ne majiya ƙarfi suna murna da uwayensu a gaban kowa ba tare da jin kunya ba, uwayen kuma suna dariya. Mutane suna jin yunwar ganin wannan, kuma ku ne kuke da abin da za ku ƙosar da su.

Ga waɗanda ke cikinku da muka yi tarayya a addini, ina da ƙarin magana. Kuna yawan jawo hadisin da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi cancantar kyakkyawan zamansa, aka ce mahaifiyarka har sau uku kafin a ambaci uba. Gaskiya ne. Amma a finafinanku kun mayar da wannan ya zama sanda: uwa ta ce a saki mace ba laifin tsaye ba na zaune, in ɗa ya yi gardama ta ce za ta ɗaga masa nono, fitowa ta gaba sai ga shi ya yi hatsari ko ya haukace. Ku karanta Suratu Luƙman, aya ta 14 da ta 15. Ayar farko ta ambaci ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni da yaye a shekara biyu. Ta biyun ta ce in iyaye suka matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Ashe biyayya daban, kyautatawa daban, kuma ana iya ƙin bin umarni ba tare da an yanke zumunci ba. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya fuskanci wannan da kansa, lokacin da mahaifiyarsa ta rantse ba za ta ci ba za ta sha ba sai ya bar Musulunci. Abu Huraira ya je wurin Annabi yana kuka saboda maganar da tasa mahaifiyar ta faɗa, abin da ya roƙa kuwa shi ne a yi mata addu'ar shiriya, kuma ta shiryu. Wane marubuci ne zai ce babu labari a nan? Ɗa yana ƙaunar uwarsa, ya san ba ta kan daidai, ya ƙi bin ta, ya kuma ƙi barin ta. Wannan ya fi tsinuwa da hatsarin mota zurfi nesa ba kusa ba.

Na san kuna iyawa in kun so. Fim ɗin Lion na 2016 ya ɗauko labarin gaskiya na Saroo Brierley, wanda ya ɓata a jirgin ƙasa a Indiya yana ɗan shekara 5, wasu ma'aurata a Ostireliya suka riƙe shi, ya yi ta neman garinsu da Google Earth, manhajar hotunan ƙasa daga tauraron ɗan Adam, har ya koma ya sami mahaifiyarsa a 2012, bayan shekara 25. Uwa biyu ne a fim ɗin, wadda ta haifa da wadda ta raina, kuma ba a mayar da ko ɗaya muguwa don ɗayar ta haskaka ba. Mutane sun cika silima, fim ɗin ya shiga takarar Oska a rukuni 6. Don haka kada a ce mini kasuwa ce ba ta so.

Abin da na fi nema a wurinku shi ne ƙarshen labarin, wanda kusan ba ku taɓa zuwa wurinsa. Kuna son uwa da jariri, kuna son uwa da saurayi mai neman aure. Ina uwa mai shekara 75 da ɗanta mai 45? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ne ke fama da gigin tsufa, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. A bayan da yawa daga cikinsu akwai ɗa namiji da ke koyon abin da ba wanda ya taɓa koya masa: yadda ake ɗaga babban mutum daga gado ba a ji masa ciwo ba, yadda ake ba da magani ga wadda ta ƙi sha, yadda ake amsa tambaya guda sau goma ba a ɗaga murya ba, yadda ake haɗiye kuka ranar da ta dube ka ta kira ka da sunan ƙanenta da ya rasu tun kafin a haife ka. Alƙur'ani da ya hana a ce musu ko "uf", a Suratul Isra'i, lokacin tsufansu ya ambata, domin a nan ne haƙuri ke ƙarewa. Maza da yawa suna wannan aiki a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne, saboda bai taɓa ganin mai kama da shi a allo ba.

A waɗannan dararen ne na san mahaifiyata. Ina da shekara 41 kafin in ji cewa ita ce ta fi kowa gudu a makarantarsu, har ana kai ta gasa. Ban san ta so zama ma'aikaciyar jinya ba, ban san ta taɓa haɗa kayanta za ta bar mahaifina ina cikin goyo ba, ta kai bakin ƙofa ta dawo, kuma ta ce har ranar da take ba ni labarin ba ta tabbata wanne ne daidai ba. Ta gaya mini akwai shekarar da ta ji ba ta son ganin kowa a cikinmu, ta yi ta jin tsoron kanta, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Ta nemi in yafe mata wani duka da ta yi mini ina ƙarami wanda ni na manta, ita kuwa ta riƙe shi shekara 30. Ni ma na nemi ta yafe mini shekarun da nake kiran ta sau ɗaya a wata, in yi minti biyu in ce ina da aiki. Duk tsawon rayuwata ina ganin ta ne ta fuskar abin da ta yi mini, kamar yadda kuke ganin uwayen da kuke rubutawa. Saura ƙiris ta tafi ban san wace ce ita ba.

Don haka kafin ku rubuta uwa ta gaba, ku ba ta suna. Ku san abin da take yi kafin ta haifi jarumin, da abin da take yi in ya fita daga ɗakin. Ku bar ta ta yi kuskure ta gane, ta yi dariya, ta yi gardamar siyasa, ta so wani abu da bai shafe shi ba. Ku sa mata masu manyan 'ya'ya a cikin masu rubutun, ku ɗauki 'yan wasan da shekarunsu suka kai. Wanda mahaifiyarsa ke raye a cikinku, ya ajiye alƙalami ya je ya zauna da ita yini guda, ya tambaye ta yadda take tana 'yar shekara 17, ya yi shiru ya saurara.

In kuna neman fitowar da za ku fara da ita, ga guda na ba ku kyauta. Dare ne, namiji mai furfura a gemu yana zaune a ƙasa, ƙafar mahaifiyarsa a kan cinyarsa, yana yanke mata farce a hankali don hannunsa na rawa. Talabijin na yi ba mai kallo. Ta dube shi ta ce ya cika tsoro, ita da take yanke masa nasa yana jariri ko sau ɗaya ba ta ji masa ciwo ba. Ya ce ai ita gwana ce. Ta ce a'a, ƙarya take yi, ta taɓa yanke shi a ɗan yatsa, ya yi ta tsala ihu, ita ma ta zauna ta taya shi kuka. Ya miƙa mata hannun, ta riƙe da hannunta mai lafiya tana neman tabon.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kallo.